Zanen Waye Wannan?

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da nake yi maka in ka jingine keke a zaure, ko da yake na san yau babu mai amsa mini. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko na kai ta gidan waya, me zan rubuta a bayan ambulan? Sai dai wani abu ya faru a makaranta, kuma duk wanda na ba labarin sai in ji ba shi ne ya kamata ya ji ba. Kai ne ya kamata. To ka yi haƙuri ka saurare ni yadda ka saba, ina zuba kana fiƙe fensir, kana gyaɗa kai kamar kana ji, alhali hankalinka yana kan inuwar buta a jikin bango.

Gida lafiya ƙalau. Babbar 'yarka ta sauka, an samu namiji, kuma an mayar masa da sunanka. Abba muke ce masa. Ni kuwa angona nake kiransa, ka ga ka yi magaji tun ban gama kukanka ba. Kunnuwanka ne sak a kansa, Allah Ya sa kada ya ɗauko taurin kan. Ɗanka Nura ne yake hawan kekenka yanzu, ya cire kwandon da kake zuba gwangwanayen launi a ciki, wai yana ba shi kunya a gaban abokai. Na karɓe kwandon na rataye a kicin. Ɗakinka har yanzu yana yoyo a kusurwar nan da ka yi ta cewa za ka gyara in an yi hutu.

Sojoji sun koma bariki, Malam. Ka sha cewa ba lallai ka ga ranar ba, ga shi kuwa ba ka gani ɗin ba. An yi zaɓe, an rantsar da farar hula, har ƙaramar hukumarmu ta Tarauni ta samu sabon shugaba mai babbar riga. An daina zane mutane da koboko a layin mai. Tun daga titin Gidan Zu har Babban Giji babu bangon da ba a manna wa fuskar ɗan takara ba, wasu ma har yau ba a ɓamɓare su ba, sun koɗe suna ta yi wa mutane murmushi. Ka riƙe wannan a ranka, don ban taɓa jin wanda ya kira su ƙazanta ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Maganar bangonka ce.

Ka san wanda nake nufi, dogon bangon bayan azuzuwan 'yan aji shida, wanda kowace shekara masu fita suke barin hannunsu a jiki. Jiminar nan mai ƙafafu kamar tabarya tana nan. Raƙumin dawan da wuri ya ƙare wa mai zana shi, ka ce ya ci gaba kawai, har wuyan ya sha kwana ya leƙa ɗaya gefen, shi ma yana nan. Motar haya mai kwandasta a rataye, mai shayin bakin titi, matar da ke daka da goyo, da dagin da ka sa yaran nan suka yi lokacin da iyayensu suka ce ba su yarda a zana mai rai ba. Ba ka yi musu da kowa ba a lokacin, ka ce su zo akwai aikin da ya fi ma wuya. Damina nawa ta bi ta kan bangon nan bai goge ba? Ai dole, tunda a tukunyata kake jiƙa ƙaron da kake haɗa launin da shi, har miyata ta taɓa yin ɗanɗanonsa.

Bayan rasuwarka ba a turo kowa a madadinka ba. Tsohon hedimasta ya yi ritaya, aka kawo mana wani daga wata makaranta, Malam Tanimu. Bai san ka ba, bai taɓa ganinka ba. Ba mugu ba ne, kada ka ɗauke shi a haka. Matsoraci ne kawai, kuma yana da dalili, don an taɓa jefa shi makarantar bayan gari saboda rahoton masu duba makarantu, ya sha wuya kafin ya dawo. Da ya zauna tsara jadawalin darussa ya ga darasin zane na ranar Alhamis babu malami, sai ya goge shi ya rubuta lissafi. Ka san wa aka ba? Ni. Ni da na yi shekaru ina tsokanarka cewa naka wasa ne nawa ne karatu, ni aka miƙa wa lokacinka kamar an ba ni kyauta. Wallahi ranar ban iya cin abincin tara ba.

Ana nan sai ga sanarwa, wai sabuwar gwamnati za ta turo sufetoci su ga halin da soja suka bar makarantu. Kai ma ka san abin da ake yi in an ji haka, ka sha yi masa dariya. Aka jiƙa farar ƙasa a duro. Aka shafe duwatsun bakin hanya, aka shafe gindin darbejiya har ƙugu, da a ce akuyar maigadi ta tsaya wuri ɗaya da ita ma an shafe ta. Malamai suka duƙufa rubuta shirin darasin da suka riga suka koyar tun bara. Aka aiki masinja kasuwar Tarauni ya sayo tsintsiya da faifai da mafici da ludayi, wai a jera a ce aikin hannun yara ne. Ka tuna yadda abin nan yake ƙona maka rai? Kai ne kake cewa an mayar da aikin hannu aikin aljihu, yaro ya sayo tsintsiya a ba shi maki, ya girma bai san yadda ake ɗaure ta ba.

Ina cikin aji sai na hango mai shafen ya ja duronsa ya nufi bayan aji shida. Ban san lokacin da na ajiye alli ba. Na ce masa ya dakata, na wuce ofis ko sallamar kirki ban yi ba. Malam Tanimu ya ce in zauna, na ce a tsaye ma ina ji. Ya ce shi bai ƙi zanen ba, amma manya ba sa son ganin bango da dabbare-dabbare, za su rubuta cewa makaranta ba ta da tsafta, kuma shi ne zai kwana a ciki. Ya ce su abin da suke dubawa Turanci ne da lissafi da yawan yaran da suka ci jarrabawar shiga sakandare, jimina ba ta taɓa kai yaro sakandare ba. Na ce masa ita ma farar ƙasa ban ji ta kai kowa ba. Ya kalle ni, ina jin an riga an gaya masa halina.

Da na ga faɗa ba zai fisshe ni ba sai na sauko. Na roƙe shi, Malam, ni da ka san roƙo yana yi mini wuya. Na ce ya bar ni in rufe bangon da zannuwa kamar yadda ake yi wa ɗakin amarya, a jera tsintsiyoyinsa a gaba, baƙi su ga ado su wuce. Ya juya maganar, ya ga ta fi sauƙi, ga farar ƙasar ma ta yi ƙasa a duro. Ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce duron zai zauna nan gefen bango, in baƙi suka ga abin da ke ƙasa suka yi ƙorafi, a ranar za a shafe. Ya ƙara da cewa ko ba su gani ba, in an dawo hutu za a yi wa makaranta fenti gaba ɗaya, don haka in fara haƙura tun yanzu.

Na koma gida na buɗe akwati. Na fito da atamfofin da ka saya mini, har da shuɗiyar nan da ka yanke wa gefe ba da sanina ba ka kai wa yara suka koyi rini. Ka tuna kwana nawa na yi ba na yi maka magana? Ban yafe ba a lokacin, yanzu na yafe. Nawa ba su isa ba, bangonka ya fi akwatina tsawo. Malamai mata suka kawo nasu. Matan da ke sayar da awara da ɗanwake a bakin ƙofa lokacin tara su ma suka kawo, ɗaya daga cikinsu ta ce ɗanta ne ya zana mai shayin, yanzu shi ne yake rubuta allunan shaguna a titin Gidan Zu, da abin yake ciyar da ita. Muka ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa muka shanya. Abu ɗaya ne ba mu lissafa ba, ni malamar lissafi guda. Zane ba ya kai tsayin bango. In mun rufe kawuna sai ƙafafu su fito, in mun ja ƙasa sai kawuna su leƙo. Muka zaɓi rufe kawuna, muka jera faifai da mafici a ƙasa don su tare abin da za su iya tarewa.

Su biyu suka zo. Babbansu wani Alhaji ne dattijo, mai gilashi a kan hanci, irin mutanen da ba ka gane ko sun ji daɗi ko ba su ji ba. Sai wata Madam, mutuniyar kudu, wadda ta daɗe tana koyarwa a Kano kafin a mayar da ita ofis, an ce a Unguwar Gano take zaune. Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai ba ta jan wasali, komai a gajarce take faɗinsa. Suka ƙirga benci. Suka duba littattafan malamai. Suka shiga ajina, Alhaji ya ba yara lissafin rabawa, suka ci, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Suka leƙa ban-ɗakin yara suka fito da sauri. Duk inda suka nufa Malam Tanimu yana gabansu da taku biyu yana gumi, ga hadari ya haɗo, garin ya yi zafi.

Daga ƙarshe aka kai su wajen aikin hannu, yara sun yi layi, mu malamai muna gefe. Madam ta ɗauki tsintsiya ɗaya ta juya ta, ta ɗauki ta biyu ta ga ɗaurinsu iri ɗaya ne, ta yi murmushi ta ajiye. Ta sunkuya za ta ɗauki faifai. Tana ɗagawa sai ga ƙafafun jimina. Ta ɗaga na kusa da shi, sai ga tayar mota. Ta bi layin da ido, ƙafafu ne birjik a ƙarƙashin atamfa, na mutane da na dabbobi, kamar jama'a sun ɓuya a bayan labule.

Sai ta miƙe ta tambaya, zanen waye wannan.

Ka san abin da ke tsakanin kalmomin nan, kai da ka ci suna da su. Ka tuna direban nan da ya tare a bayan layinmu daga ƙauye, wanda ya ji ana cewa akwai malamin zane a makaranta, ya jawo ɗansa da kunne har ƙofar ajinka, wai ga shi nan ya gagare shi, a zane masa shi? Ka zaunar da yaron a benci, ka ɗauki gawayi ka zana shi, ka miƙa wa uban takardar. Mutumin ya rasa fushi zai yi ko dariya, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Tun ranar ka zama Malam Zane a bakin kowa. A rubuce kalma ɗaya ce, na ɗaurawa da na bulala da naka, baki ne kawai yake raba su. To bakin Madam bai raba ba. Yadda ta faɗe shi, na ɗaurawa ta ce.

Malam Tanimu ya cafe da sauri, har da 'yar dariya. Ya ce ai na Malama ne, ita da 'yan uwanta suka kawo don a ƙawata wa baƙi wuri, atamfa ce mai kyau tun ta da. Madam ta ɗan yi turus, ina jin ta ɗauka ita ce ba ta iya tambayar ba. Alhaji ya duba agogo. Da na yi shiru, da shi ke nan, sun wuce ofis sun sha lemo sun tafi.

Ni kuwa na san wanda take nufi, don na ga inda idonta yake. Na tsaya ina auna abin a raina. In na yi shiru bangon zai kwana, amma a ɓoye, kuma fenti yana jiransa bayan hutu. In na yi magana, ga duro nan a gefe da buroshi a ciki. Amma ba wannan ne ya ɗaga ni ba, Malam. Abin da ya ɗaga ni shi ne jin an ce zanen nawa ne. Shekara da shekaru kana tafe da yaran nan a ƙasa har Gidan Zu cikin rana don su ga jimina da idonsu, kana tsintar gawayi a murhuna, kana roƙon shuni a wajen marina, sannan a tsaya a gaban aikinka a ce abin da ke wurin atamfata ce? Ni na kawo dabarar rufewar, amma a lokacin na ji kunyarta ta kama ni.

Na taka na kama shuɗiyar nan mai yankakken gefe na fizge. Ƙusar ta fita, igiyar ta saki, zannuwan suka zube gaba ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan. Yara suka yi wata irin sowa da ban taɓa jin sun yi ba. Na ce wa Madam wanda ya faɗi ƙasa shi ne nawa, wanda ya rage a tsaye na yaran makarantar nan ne da malaminsu.

Ban kalli Malam Tanimu ba, na san yadda fuskarsa take. Madam ta bi bangon a hankali tun daga farko. Ta tsaya a gaban matar da ke daka. Ta bi wuyan raƙumin dawa har ta sha kwana, muka jiyo dariyarta daga ɗaya gefen. Yara suka manta da layi, kowa yana nuna mata na yayansa, na 'yar gidansu, na kawunsa da yake aikin gadaje yanzu. Alhaji bai matsa daga inda yake ba, ya dai cire gilashi ya goge ya mayar.

Da Madam ta dawo sai ta buɗe littafinta ta tambayi sunan malamin. Yara suka haɗa baki suka ce Malam Zane. Ta ce ta ji, amma ba za ta rubuta haka a takardar gwamnati ba, sunansa na yanka take so. Ta kalli hedimasta. Malam Tanimu bai sani ba. Malaman da suka zo bayanka ba su sani ba. Tsofaffin da suka sani kuwa, maimakon su faɗa, sai duk suka juyo suna kallona, ban san me ya sa ba. Wataƙila sun ga ni ce na fara, ni ya kamata in ƙarasa.

Kai shaida ne, Malam, tun ranar da aka kawo ni gidanka sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi. Kowace shekara sai an samu yaro mai sunanka a ajina, in ina kiran suna na zo kansa sai in ce mai sunan Malam, ya amsa, yara su yi ƙus-ƙus. A asibiti ma ranar da aka kwantar da kai, da ma'aikaciyar ta tambaya, Nura na tura ya faɗa. Ka sha tsokanata, ka ce in faɗa sau ɗaya kawai ka ji ko na iya, in ce maka ka nemi abokin wasanka.

Wata tsohuwar malama ta raɗa wa Alhaji cewa ni matarka ce. Nan take ya gane. Ya ɗaga hannu ya ce wa Madam ta bar ni, za a duba a ofis, ba a sa mace wannan. Na gode masa a raina, dattijo ne. Amma sai na tuna ofis ɗin da za a duba, ofis ɗin da ya goge darasinka bai san sunanka ba. Na ga ka tafi ke nan a matsayin laƙabi, abin dariyar wani direba. Na ce Alhaji ya bari, zan faɗa.

Na faɗa, Malam. Na faɗi sunanka da na mahaifinka, a gaban yara da malamai da masu awara da ke leƙe ta ƙofa. Ban yi ƙasa da murya ba. Madam ba ta ji daidai ba, ko kuwa so ta yi ta tabbatar, ta ce in maimaita, sai yara suka karɓe suka maimaita mata da ƙarfi har sau biyu. Sunan ya yi mini nauyi a baki, kuma ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Ban yi kuka ba sai da na je gida.

Kana so ka ji abin da Alhaji ya ce? Kada ka sa rai da yawa. Ya ce shi gaskiya zai faɗa, a takardar da aka ba su babu gurbin bango, babu gurbin zane. An aiko su su ga benci da rufi da Turanci da lissafi, abin da za su koma da shi ke nan. Ya ce su ba su ce a shafe ba, ba su ce a bari ba. Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya a kan duron farar ƙasar, ya leƙa ciki, ya kira Malam Tanimu. Ya ce masa wannan a kai ta ban-ɗakin yara yau ɗin nan, can ne ya ga ana bukatarta, kuma in ya dawo zagaye na gaba yana so ya sake ganin tsuntsuwar nan mai ƙafar tabarya, don bai gama kallonta ba. Ko murmushi bai yi ba da yake faɗa.

Na gaya maka halin Malam Tanimu da maganar manya. Kafin a tashi an kwashe duron. Yanzu shi ne yake kai baƙi bayan aji shida da kansa, yana yi musu bayani kamar tare kuka jiƙa ƙaron. Na bar shi. Da aka zo fenti bayan hutu, da bakinsa ya ce wa masu aikin su tsallake bangon.

Rahoton ya fito daga baya. An yaba lissafin ajina, an yi faɗa a kan tagogi da ban-ɗaki. An ce Madam ta sa layi biyu a kanka a ƙarshe, ni ban gani ba. Darasin zane dai bai dawo ba, kuma an ce ba za a turo malami ba, wai babu shi a jarrabawa. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Sun ga bangon da idonsu, sun yi dariya, sun koma sun rubuta abin da aka aiko su su rubuta. Farar hular ma da muka yi ta jira, ashe da ma'auni ɗaya suke awo da masu kaki.

Amma ranar Alhamis tawa ce, su suka ba ni. A jadawali lissafi ne. In lokacin ya yi sai in ce kowa ya ɗauko fensir mu fita. Ni ban iya zana ko ƙwai ba, ka sani, ka sha gwada koya mini kana dariya. Abin da na iya shi ne jiƙa ƙaro da tankaɗe jar ƙasa, sai kuma in yi shiru in bar yaro ya kalli abu har ya gan shi, yadda na ga kana yi. 'Yan aji shida na bana sun samu wuri a ƙarshen bangon, kusa da famfo. Sun zana layin masu zaɓe, kowa da babban yatsa shuɗi. Wata yarinya ta zana mutum a kan keke da kwando a gaba. Ba ta yi masa fuska ba, ta ce ta manta yadda take, tana aji uku ka rasu. Na ce ta bar shi haka, kowa ya gane.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, kuma shi ne ainihin dalilin takardar nan. Duk tsokanar da nake yi maka, duk da ina kiran aikinka wasa, in na bi titi na ga allon shago da rubutu mai kyau, ko na je biki na ga yarinya tana zana wa amarya lalle hannunta ba ya rawa, ko tela ya fitar da aikin wuya, sai in ce a raina wannan ta hannun mijina ya bi. Kaina har wani girma yake yi. Me ya hana ni faɗa maka? Na ɗauka kana gani a fuskata, kai da kake ganin inuwar buta. In ba ka gani ba, to ga shi na faɗa. Na yi alfahari da kai kana raye, ina yi yanzu, kuma ban taɓa fatan a ce wani na aura mai babban ofis ba.

Washegarin zuwan baƙin, da na zo kiran suna, duk ajin suka zuba mini ido su ga abin da zan yi in na zo kan yaron nan. Na ce mai sunan Malam. Ya amsa, suka fashe da dariya, ni ma na yi. Abin da na yi a gaban bango na ranar ne kawai, ban mayar da shi na kullum ba.

Sai dai abu ɗaya yana damuna. Duk Gyaɗi-Gyaɗi ta ji sunan nan daga bakina, har masu awara, kai da ka yi shekaru kana roƙo ne kaɗai ba ka ji ba. Bai kamata a bar ka a baya ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa aikin hannun yaran nan ya zame maka sadaka mai gudana. Ka huta lafiya, Ilyasu.

Ka ji, ashe na iya.

Taka har kullum,
Binta, mai shuɗin zane.